Komai Nisan Jifa: Haɗarin Harbin Murna a Bukukuwan Sallah a Yankin Gwarzo da Kabo

Harbin murna shi ne a ɗaga bakin bindiga sama a saki wuta, ba don an auna kowa ba, sai don nuna farin ciki. Ana yin sa a ranakun Sallah, da wuraren ɗaurin aure da naɗin sarauta, da kuma daren da aka bayyana sakamakon zaɓe. Mai harbin yakan ɗauka cewa da zarar ƙara ta tashi, magana ta ƙare. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashin da aka tura sama yana dawowa da gudun da ya isa ya fasa kan mutum, kuma sau da yawa yakan sauka ne a inda ko ƙarar harbin ba a ji ba.

A ƙasar Kano, buga bindiga ranar biki tsohuwar al'ada ce mai tsari da shugabanci. Haɗarin da ya fi girma a yau yana tasowa ne daga masu fakewa da sunan wannan al'ada su harba harsashi mai kisa a tsakiyar jama'a.

Yankin da yanayinsa

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne biyu a yammacin Jihar Kano. Kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma dukkansu suna cikin shiyyar Sanatan Kano ta Arewa. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Gwarzo mutum kusan dubu 184, Kabo kuma kusan dubu 154. Jama'a ɗaya ce daga cikin mazaɓun kansila goma na Gwarzo, tare da irin su Getso, Kutama, Lakwaya da Mainika. A ɓangaren Kabo akwai Garo, Gude, Durun da Godiya. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, inda ranar Sallah take tara mutanen gari da 'ya'yansu da suka dawo daga birni a filin Idi guda.

Abubuwa uku ne suka sa maganar harbin murna ta yi nauyi a wannan yanki. Na farko, Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, wadda ta daɗe tana fama da ɓarayin daji, kuma a ƙarshen 2025 hare-harensu sun tsallako zuwa ƙauyukan Shanono, maƙwabciyar Gwarzo, da na Tsanyawa. Duk inda tsoro ya shiga, bindiga takan yawaita a hannun mafarauta da 'yan sa-kai da masu gadin ƙauye. Na biyu, a 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa ne cikin zafi, lokacin da iyalai suke kwana a tsakar gida ba rufi a kansu. Na uku, daga Gwarzo zuwa birnin Kano, inda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suke, tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ban da hanyar da za a bi daga ƙauye kafin a hau kwalta.

Asalin bindiga a hawan Sallah

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi daga ƙasar Nupe. Ya kuma ambaci Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara kafa rukunin masu bindiga domin tsaron sarki. Daga nan ne 'yan bindigar fada suka samo asali. Su ne ake gani a tawagar Sarkin Kano a Hawan Sallah, da Hawan Daushe, da Hawan Nassarawa, da na Ɗorayi ko Fanisau, hayaƙin albarushi yana tashi a kansu. Ƙarar bindigar fada sanarwa ce: da ita ake shaida wa gari ganin wata, ko fitowar sarki da komawarsa. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Hakiman ƙasa suna kai dawakansu wajen hawan sarki, garuruwansu kuma suna da nasu ƙananan shagulgulan. Daga 2019 zuwa 2024 Gwarzo da Kabo suna ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye ne, kafin sauyin dokar masarautu ya mayar da su ƙarƙashin Kano. Sakamakon taƙaddamar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero, rundunar 'yan sanda ta hana hawa a Babbar Sallar 2024, ta kuma maimaita hanin a 2025. Hana hawa a birni, duk da haka, ba ya taɓa bindigar da ke rataye a ɗakin mafarauci a ƙauye, ko wadda ke kafaɗar jami'in da ya rako babban mutum gida yin Sallah.

Abin da ya raba bugun fada da harbin ganganci a fili yake. 'Yan bindigar fada sanannun mutane ne, suna da shugaba, suna da wurin tsayawa da lokacin bugawa, kuma albarushi kawai suke ɗurawa domin ƙara da hayaƙi, ba sa saka dalma. Ita kanta kalmar ta nuna yadda zamani ya juya. A da, idan aka ce 'yan bindiga, ado da ƙasaitar sarauta ne suke zuwa zuciya. Yau a labaran rediyo, ma'anarta masu kisa da garkuwa da mutane. Ƙarar da take sa yara su ruga kallo a shekarun baya, yanzu a ƙauyen kan iyaka tana iya sa uwa ta goya ɗanta ta nufi daji cikin dare.

Bindigar gargajiya ma tana da nata haɗarin

Bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, maƙera ne suke ƙera ta, sau da yawa da bututun ƙarfen da ba don ɗaukar ƙarfin albarushi aka yi shi ba. Ko da babu dalma a cikinta, tana iya yin ɓarna ta hanyoyi da dama.

Mai son tasa ta fi ta kowa ƙara yakan ƙara albarushi fiye da kima. Idan bututun ya tsufa ko ya yi tsatsa, sai ya tarwatse a hannun mai shi, ya tafi da yatsu ko ido, ɓaraguzansa kuma su sami na kusa. Tsumman da ake danna albarushi da shi yana fita da wuta da ƙarfi, kuma a ɗan gajeren zango yana ƙona fuska. Akan yi mantuwa a kawo wurin biki bindigar da aka ɗura wa dalma tun ranar farauta. Tartsatsi yana kama zana da dangar kara da jinka a lokacin rani. Dokin da bai saba da ƙara ba yakan firgita ya kutsa cikin 'yan kallo. Sannan ƙarar harbi a kusa da kunne tana iya lalata ji, musamman na ƙananan yara, waɗanda su ne suke cika sahun gaba a wurin kallo.

Ko bindigar roba da yara suke saya da kuɗin barka da Sallah tana da nata rabon, domin 'yan ƙwayoyin da take fitarwa suna iya raunata ido.

Inda harsashi yake zuwa

Bindigar zamani ita ce babbar musiba. Harsashin AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 700 a sakan guda. Gwaje-gwajen da sojojin Amurka suka yi wajen 1920, waɗanda Janar Julian Hatcher ya rubuta bayaninsu, sun nuna cewa harsashin bindigar soja da aka harba sama a miƙe yakan kai tsayin kimanin mita 2,700 cikin sakan 18, sa'an nan ya ɗauki kimanin rabin minti yana saukowa. Yakan iso ƙasa da gudun kusan mita 90 a sakan, wato fiye da kilomita 300 a sa'a. Masu binciken raunukan harbi sun ƙiyasta cewa gudun mita 60 a sakan ya isa ya huda fata, har ya fasa ƙoƙon kai.

Wannan lissafi na harbin da ya tafi a miƙe ne sak, wanda shi ne mafi sauƙin haɗari. A wurin biki babu mai iya riƙe bindiga haka. Hannu yana karkata, bugun bindiga yana ture bakinta, balle a ce an sake ta tana aman wuta a jere. Harsashin da ya tafi a karkace yakan yi baka a sararin sama, tsininsa na gaba, ya sauko da gudun da ya fi na wanda ya faɗo a miƙe nesa ba kusa ba. Irin wannan yana iya cin zangon da ya wuce kilomita biyu. Ma'ana, harbin da aka yi a ƙofar gidan biki a wannan gari yana iya sauka a tsakar gidan wani a ƙauyen gaba. Kwanon rufi na langa-langa ba ya tare shi, balle rumfar kara.

Saboda daga sama yake zuwa, kai da kafaɗa ne suka fi fuskantarsa. Likitocin asibitin King/Drew da ke birnin Los Angeles sun bi bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya samu daga 1985 zuwa 1992. Kashi 77 cikin ɗari a ka ya same su, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun mutu, adadin da ya ninka na sauran masu raunin harbi sau da yawa.

Abin da ya faru a wasu wurare

Misali mafi kusa yana maƙwabciyar Nijeriya, Chadi. A daren 9 ga Mayu, 2024, da aka bayyana Mahamat Idriss Déby a matsayin wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa, jami'an tsaro da magoya baya suka yi ta harbi sama a N'Djamena. Rahotanni sun nuna mutuwar aƙalla mutum 10, har da yara, wasu da dama kuma suka jikkata, waɗansunsu suna cikin gidajensu.

A Kabul, babban birnin Afganistan, kafofin yaɗa labaran ƙasar sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 17 sakamakon harbin murna a farkon watan Satumba na 2021. A gabashin Saudiyya, kusa da Abƙaiƙ, harbin murna a wani bikin aure cikin Oktoban 2012 ya tsinke wayar lantarki, ta faɗo wurin taron, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu mata da yara. Wannan darasi ne ga duk garin da wayoyin wuta suka ratsa kan filin taronsa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki na musamman. Jihar Arizona ta Amurka ta kafa Dokar Shannon a 2000, bayan harsashin da ya faɗo daga sama ya kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a bayan gidansu, ta mayar da harbin ganganci cikin gari babban laifi. Lebanon ita ma ta yi dokar hukunta harbin murna a 2016.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma riƙe su ba izini yana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Akwai na ƙashin kai, irin su bindigar farauta ta zamani, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigogin da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake da ikon tsara lasisinsu. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Lasisi kuwa izinin mallaka ne kawai, bai ba kowa damar harbi a cikin taro ba.

Jami'an tsaro ma ba su da wannan dama. Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita amfani da bindiga ga yanayin da rai yake cikin haɗari na gaske. Murnar Sallah, ko zuwan ɗan siyasa gida, ko fitowar ango, babu ko ɗaya a cikin dalilan da ya amince da su. A watan Nuwamba na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga rakiyar manyan mutane, amma ƙa'idar tana nan a kan duk wani jami'i da gwamnati ta damƙa wa makami.

Idan harbin ya yi kisa, dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki kashe rai ta hanyar ganganci ko sakaci a matsayin laifin kisa, wanda hukuncinsa yake iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Cewa ba da niyya aka yi ba yana iya sauya nau'in hukunci, amma ba ya wanke mai harbin.

Girman aikin da ke gaban hukuma yana cikin alƙaluma. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun fararen hula a Nijeriya. Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma sa hannu a kan dokarta a 2024.

Mahangar Musulunci

Tun da Sallah ibada ce kafin ta zama biki, hukuncin addini yana da muhimmanci a nan. Imamu Buhari ya ware babi a kan karhancin ɗaukar makami ranar Idi da kuma cikin Harami. A ciki ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, ya kuma ɗora alhakin a kan Hajjaju, shugaban da ya bari aka shigo da makamai a ranar da ba a ɗaukar su. Akwai hadisan da suka hana nuna ɗan'uwa da makami, da wanda ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. A ɗaya ɓangaren kuma, an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Habashawa sun yi wasan masu ranar Idi. Wasa mai tsari da ba ya cutar da kowa yana da gurbi. Abin da aka hana shi ne jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma malaman fiƙihu sun ƙayyade cikakkiyar diyya da raƙuma 100 ko dinare 1,000. Jihar Kano tana da dokar hukunta laifuka ta Shari'a tun 2000. Saboda haka faɗin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ta'aziyya ce ga waɗanda aka yi wa rashi, amma ba ta sauke haƙƙi daga wuyan wanda ya ja kunamar bindiga.

Idan harsashi ya sami mutum

Wanda harsashi ya faɗo wa daga sama yakan yanke jiki ya faɗi ba tare da an ji harbi a kusa ba, kuma raunin yana iya zama ƙarami a ido. Akan ɗauka jifa ne, ko farfaɗiya, ko iska, a ɓata lokaci wajen neman tofi da hayaƙi. A ranakun biki, duk wanda ya faɗi haka da jini a ka ko a kafaɗa, a ɗauke shi a matsayin mai raunin harbi har sai likita ya duba.

A danne inda jini yake zuba da ƙyalle mai tsabta, amma idan a ka ne, a rufe a hankali ba tare da matsa ƙashi ba. Kada a yi ƙoƙarin ciro harsashi. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani a raunin. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin mai yiwuwa tiyata za a yi masa. A rage jijjiga kansa da wuyansa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, inda za a tsayar da jini kafin a tura shi Asibitin Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan hali ya kai ga haka.

Tsoron 'yan sanda bai kamata ya tsayar da kowa ba. Dokar tilasta kula da masu raunin harbi ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin sa'o'i biyu da fara magani. Dokar ta kuma ba da kariya ga wanda ya taimaka ya kawo majinyacin.

Alhakin wa?

Harbin murna yana cikin laifuffukan da suka fi wuyar bincike, domin wanda ya harba da wanda aka samu suna iya kasancewa a garuruwa daban, ba su taɓa ganin juna ba. Wannan ya sa rigakafi ya fi magani, kuma masu iya yin rigakafin sanannu ne.

Hakimi da dagaci da mai unguwa sun san kowane mafarauci da kowane maƙeri a ƙasarsu. Suna iya ƙayyade waɗanda za su buga bindigar gargajiya, a duba bindigoginsu kafin a fito, a keɓe musu wuri nesa da yara da dawaki da wayoyin wuta. Limamai suna da mumbarin Juma'ar da ta gabaci Sallah da huɗubar Idi. Shugabannin ƙananan hukumomi su ne suke jagorantar taron tsaro na yankunansu, inda baturen 'yan sanda da shugabannin 'yan sa-kai suke zama. Kansila kuma shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da mai gidan biki.

'Yan siyasa suna da kaso na musamman. Yankin Gwarzo da Kabo ya fitar da mataimakan gwamna da minista da sanata, kuma ranakun Sallah ne ayarin motocin masu muƙamai suke cika hanyoyinsa. Jami'in rakiya ba ya harbi sama a gaban maigidan da ya nuna ba ya so. Matasan da suke bibiyar yadda aka kashe kuɗin mazaɓa suna da hurumin tambayar ɗan takara matsayinsa a kan wannan, su kuma kai ƙorafi a rubuce ga baturen 'yan sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa idan an yi harbi a taro, da ranar da wurin da abin ya faru.

A yankin da ƙarar bindiga cikin dare take iya nufin zuwan mahara, harbin wasa yana da wata illar ta daban. Yana tayar da hankalin ƙauyukan da ke kewaye a banza, kuma idan ya yawaita, yana koya wa mutane su yi biris da ƙarar da wata rana za ta zama gargaɗi na gaske. Sallah bikin ɗaya rana ce. Makanta, da shanyewar jiki, da maraicin da harsashi ɗaya yake bari, su iyali suke ɗauka har ƙarshen rayuwa.